Dogo-Dogo Lamba Biyu Ce

"Likita, kana jin mu?"

Ƙasimu ya sake tambaya daga bayan labule, ordinatarsa, kwamfutar aikinsa, a kan gwiwa. Shiru. Fuskar likita ta daskare a kan allo, baki buɗe, ido ɗaya a lumshe, kamar wanda atishawa ta zo wa ta fasa. A cikin labulen, Falmata, ungozomar ɗakin haihuwa na Dogo-Dogo, ta ɗauke kan na'urar eko, mai hoton ciki, daga kan cikin Rashida, ta goge mata man da tsumma.

"Tashi, ƴar uwa, yau ma bai yiwu ba," in ji ta. Sannan ta ɗaga murya don na bayan labule ya ji da kyau: "Mai rezo, rezonka ya sake yi mana halin nasa."

Rashida matar Ƙasimu ce, kuma cikin nan shi ne na uku. Biyun farko babu wanda ya zo da rai. Shi ya sa da wannan ya shiga wata bakwai uwarta ta aika Magariya, inda suke zaune, aka ɗauko ta zuwa Dogo-Dogo, ta ce a gabanta za a yi goyon cikin, ba ta son jin komai. Ƙasimu bai so ba, amma wa zai ja da uwa a kan ƴarta? Ya lallashi kansa da cewa ai akwai eko a Dogo-Dogo, kuma rezon, wato layin sadarwar da ekon ke bi, shi ne mai kula da shi. In bai iya wa kowa ba, ai ya iya wa matarsa. To, ga shi nan bai iya ba.

Ƙungiyar manoman yankin ce ta gina ɗakunan haihuwa a ƙauyuka, ta ɗauki likita ɗaya ta ajiye a Magariya, ta sayi mota ɗaya. Ungozoma ta ɗora na'ura a kan ciki, likita yana kallo daga can yana cewa matsa dama, sauka ƙasa. Motar kuwa ba ta fita sai inda likita ya gani da idonsa ya ce a je, don in da kiran waya za a bi, kowane ƙauye nasa ne ya fi gaggawa.

Abin da ke ci wa Ƙasimu rai, ba hanya aka rasa ba. Hanya tana nan sabuwa fil! Shi da kansa ya hau pilon, dogon ƙarfen nan na sadarwa, da bazara, rana tana dafa masa ƙeya, ya kafa anten, wato eriya, mai kallon Kwaya, daga Kwaya kuma tsalle ɗaya ne zuwa Magariya. Tsohuwar hanyar fa? Saƙo ya tashi daga Dogo-Dogo ya je Dungas, daga Dungas ya haura har Damagaram, sannan ya gangaro Magariya, a kan wasu tsofaffin anten da ko tari hadari ya yi sai su ɗauke. Mai hankali ba sai an faɗa masa wadda zai bi ba. Amma na'ura ba mai hankali ba ce, mai ƙa'ida ce.

Na'urorin nan masu raba hanya suna da al'adarsu. Kowace tana yi wa maƙwabciyarta sallama, sannan ta shelanta wa duk ƴan zon ɗinsu, wato rukunin da suke lamba ɗaya da ita, cewa ga waɗanda nake haɗe da su, ga nauyin kowace hanya. Da wannan kowace take zana taswirar zon ɗin a kanta, ta zaɓi hanya mafi sauƙi. Sai dai iyakar zon ɗinta ita ce iyakar taswirarta. Abin da ke wata zon ba ta san shi ba sai ta bakin zon sifiri, kuma duk saƙon da zai tsallaka daga wannan zon zuwa waccan ta sifiri zai bi, ko da maƙwabcin yana bayan katanga. Sifiri ita ce Damagaram. Magariya da Kwaya lamba ɗaya, Dungas da Dogo-Dogo lamba biyu. Ranar da Ƙasimu ya kunna sabuwar anten, na'urar Kwaya ta yi sallama da lamba ɗaya, ta Dogo-Dogo ta ji ba lambarta ba ce ta yi kunnen uwar shegu.

Wa ya raba haka? Wani injiniya ne da aka ɗauko daga Yamai lokacin da aka kafa rezon. Maimakon ya duba wane pilon ke hangen wane, sai ya tambayi komiten ƙungiya yadda suke so a raba, don Allah ka ji tambaya! Nan Alhaji Tamu, perzidan, wato shugaban ƙungiya na ɓangaren Dungas, ya miƙe ya ce Dungas ta daɗe da rabuwa da Magariya ta zama departama mai cin gashin kanta, saboda haka a ba ta lambarta daban. Aka yi tafi. Injiniya ya ɗaga kafaɗa ya rubuta, ya shiga motarsa, tun daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Ƙasimu ya gwada wayo. Ya sa bakin sabuwar anten kaɗai a lamba ɗaya, ya bar ɗakin haihuwar a lamba biyu yadda komite ke so. Na'urorin suka gaisa, hoto ya kama hanyar Kwaya ya isa Magariya kafin ƙiftawar ido, har Ƙasimu ya yi tsalle. Murnar ba ta kai la'asar ba. A wurin na'urar Magariya ɗakin Falmata har yanzu ɗan wata zon ne, don haka amsar likita sai ta ɗauki jiki ta tafi Damagaram. Zuwa ta Kwaya, dawowa ta Damagaram, kuma in amsa ba ta dawo ba hoton ma tsayawa yake. Akwai dabarun manya da ya karanta, amma ƴan ƙananan na'urorin da ƙungiya ta saya ba su ɗauka. Magani ɗaya ya rage: a buɗe akwatin ƙarfen da ke gindin pilon, a soka waya, a mayar da ɗakin haihuwar daga biyu zuwa ɗaya. Aikin bai kai shan shayi ba, amma sai da izinin perzidan.

Perzidan kuwa, Alhaji Tamu, shi ne mahaifin Rashida.

Ƙasimu bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. In ya hango shi a hanya ratsewa yake, in babu wurin ratsewa ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji ya amsa yana kallon wani wajen. Shi ma Alhajin, da yake Rashida ƴar fari ce, ko sunanta bai taɓa kamawa ba, sai dai "yarinyar nan", Ƙasimu kuma "mijin yarinyar nan". Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta bakin Baffa Habu take bi, ƙanen mahaifin Ƙasimu, wanda ya nema masa auren. Baffa Habu mai awon gyaɗa ne a Magariya, ba ya zuwa Dogo-Dogo sai ranar kasuwa.

Ƙasimu ya zaunar da Baffa ya yi masa bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa da tsinke. Da yake ba ya son a ce ya ɓoye wani abu, ya ƙara da cewa in an sauya, saƙon biron Dungas, wato ofishin can, zuwa ɗakin Falmata ta Magariya zai riƙa ratsawa, amma wannan ba komai ba ne, rahoton wata-wata ne kawai. Baffa yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Na gane, na gane, ka bar min." Ranar kasuwa ya shiga zauren Alhaji, aka gaisa, aka taɓa hirar farashin gyaɗa, aka sha fura, sannan ya share baki ya ce, "Alhaji, yaron nan ne ya ce a roƙe ka, wai a mayar da ku Magariya."

Tabɗi! Alhaji Tamu ya sallami baƙonsa. Da yamma ya aika aka karɓo mabuɗin akwatin daga hannun Falmata, ya zura shi a igiyar da yake rataye mabuɗin rumbunsa.

Kada wani ya ce Alhaji mugu ne, ba mugu ba ne. Shi ya ba da filin da aka gina ɗakin haihuwar. Amma mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana safara zuwa Magariya a kan jaki don ƴar takarda guda, ya wuni a kan benci a ƙofar biro, da yamma a leƙo a ce ya dawo gobe. Da Dungas ta samu kanta ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka Magariya don neman wani abu ba, kuma ya cika. Mutumin da ke da wannan a ciki, ka aika masa da cewa za a mayar da shi Magariya, me kake so ya yi?

Ƙasimu ya sake komawa wurin Baffa, ya ce a faɗa wa Alhaji ba gari za a mayar ba, lamba ce kawai a cikin na'ura, ko kaza ba za ta sauya departama ba. Baffa ya jira wata kasuwar ya kai. Amsar da ya dawo da ita ita ce: in lamba ba komai ba ce, mijin yarinyar nan ya mayar da Magariya lamba biyu mana.

"Ai ya yi gaskiya," in ji Baffa.

"Baffa, Magariya ita ke riƙe da ƙauyuka rututu, kowace na'ura sai na bi ta na sauya, kuma nasu perzidan ɗin ya ce ko a mafarki."

"To ka gani. Kowa da nasa."

Ƙasimu ya fito yana jin kamar ya kama kansa da duka. Damina ta sauka sosai, hanyar Damagaram yau tana nan gobe babu, duk ranar da aka sa Rashida a gaban eko sai likita ya daskare. Ya ce zai ɗauke ta ya kai ta Magariya a duba ta, uwarta ta ce ba a ɗora mai wata takwas a kan moto mai ƙafa biyu cikin wannan taɓon, kuma ita ma ta yi gaskiya. Kowa yana da gaskiya, shi kaɗai ne ba ya iya barci. Ga shi sahu ɗaya suke sallah da Alhaji, yana hangen igiyar mabuɗin a wuyansa in ya yi ruku'u.

Falmata ba ta da wannan kunyar, kuma bakinta ba ya ajiya. Ta je da kanta, Alhaji ya ce wannan maganar komite ce, komite kuma sai bayan girbi. Ta dawo ta samu Ƙasimu zaune a gindin pilon yana zare ido a kan akwatin da aka kulle.

"Kai ma ai ta Damagaram kake bi," in ji ta. "Ga mutum nan bayan katanga, kana aika masa saƙo ta Magariya."

"Surukina ne, Falmata."

"Na sani. Ita kuma matarka ce."

Ƙasimu ya sake duban kwaɗon. Ya san yana iya samo guduma ya fasa kwaɗon, ya yi tunanin haka ba sau ɗaya ba. Amma mutumin da ya fasa kwaɗon surukinsa a garin surukinsa, da wane ido zai ƙara shiga gidan? Ya ce wa kansa bari kasuwa mai zuwa ta zo, zai sa Baffa ya maimaita maganar a gabansa har sai ta zauna.

Kasuwar ta zo da hadari. Tun azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, ana idar da la'asar iska ta taso, masu rumfuna suka shiga naɗe kaya. Ƙasimu yana ƙofar masallaci aka zo aka ce Falmata tana kiransa. Ya same ta a bakin ɗakin haihuwa, babu zolaya a fuskarta ko kaɗan.

"Jini ne," in ji ta. "Ba naƙuda, ba ciwo, jini kawai. Ba zan sa mata hannu ba sai likita ya gani, in mabiyiya ce ta tare hanya zan iya kashe ta. Na kira shi a waya, ya ce motar tana shirin fita wani ƙauyen da ya riga ya gani, in nuna masa yanzu ya zaɓa."

Ƙasimu ya buɗe ordinata. Damagaram ta ɗauke ɗif. Sabuwar anten kuwa fitilarta kore shar, tana zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Bai san lokacin da ya isa zauren Alhaji ba. Ya dai tuna ya cire takalmi, don ƙafa ta saba. Alhaji yana kishingiɗe a kan buzu, Baffa Habu a gefe sun fake wa ruwa, labarin bai iso su ba tukuna. Ƙasimu ya durƙusa, ruwa yana ɗiga daga rigarsa.

"Baba, mabuɗin."

Alhaji ya juya wajen Baffa. "Malam Habu, tambaye shi lafiya?"

"Ba da Baffa nake ba, Baba, da kai nake." Ya ɗaga kai, karon farko tun da aka ɗaura auren ya kalli tsakiyar idon mutumin. "Jini take zubarwa. Likita ba ya ganinta, kuma ba zai gan ta ba sai na buɗe akwatin nan. Wata guda ina aiko maka, wata guda! Ba garinka nake so ba, ba Dungas nake so ba, ɗana nake so ya fito da rai. Ka ba ni, in ya so gobe ka ce in sake ta."

"Kai, Ƙasimu! A'uzu billahi!" in ji Baffa.

Alhaji ya tashi zaune. Ya daɗe yana kallon yaron, kamar yau ya fara ganin kamanninsa. Sannan ya cire igiyar daga wuyansa gaba ɗaya, har da mabuɗin rumbun, ya miƙa masa hannu da hannu.

A cikin ruwan Ƙasimu ya buɗe akwatin, ya lulluɓe ordinatar da rigarsa, ya soka waya. Ya goge biyu ya rubuta ɗaya. Shi ke nan fa, abin da aka yi wata guda ana kai da kawowa a kansa ke nan. Na'urar ta shelanta wa Kwaya, Kwaya ta shelanta wa Magariya, kowace ta gyara taswirarta, kafin ya rufe akwatin ya jiyo muryar likita daga cikin ɗaki, tar, kamar yana tsaye a bakin gado.

"Sauka ƙasa. Ƙara. Tsaya nan." Likitan ya ƙura wa hoton ido. "Mabiyiya ce, ta rufe bakin mahaifa gaba ɗaya. Kada ki taɓa ta, ki ɗaura mata ruwa, ga mota nan. Falmata, wannan ai ba yau ta zauna nan ba. Da na gan ta makon jiya da tuni tana kwance a nan kusa da mu."

Ƙasimu ya ji wannan daga bayan labule. Alhaji ma ya ji, don ya biyo shi yana tsaye a bakin taga, ruwa yana dukan rawaninsa, bai ko san ya jiƙe ba.

Motar ta zo, amma damina ba ta san gaggawa ba. Ta kafe a taɓo wajen zuwa, ta kafe wajen komawa, sai da mutanen wani ƙauye suka fito da shanu suka ja ta. Aka shiga da Rashida tiyata. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, aka ƙara mata jini ta farfaɗo. Yaron namiji ne, cikakke, har da gashi. Bai yi kuka ba.

Washegari da hantsi, bayan an kai shi makwancinsa, Ƙasimu yana zaune a barandar asibiti ya haɗa kai da gwiwa, sai ya ji an yi sallama a kansa. Ya ɗago. Alhaji Tamu ne, a Magariya, taɓo har gefen babbar rigarsa, shi kaɗai ba Baffa Habu. Ƙasimu ya yunƙura zai cire takalmi, Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya zauna kusa da shi a kan bencin.



"Yaya Rashida?" in ji Alhaji. Sunan ya fito masa da ƙyar.

"Ta farka, Baba. Ta tambaye ni yaron."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ƙasimu ya laluba aljihu ya ciro igiyar ya miƙa masa. Tsohon ya karɓa, ya kwance ƙullin, ya zare mabuɗin rumbunsa, ya mayar wa Ƙasimu ɗayan a tafin hannu ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ka bar shi a ɗaya," in ji shi.

Wata guda Ƙasimu yana jiran wannan maganar. Ya yi ta jin ta a ransa a kan moto, a sahun sallah, a gindin pilon, yana tsara godiyar da zai aika ta bakin Baffa. Yanzu ga ta ta zo kai tsaye, ba ta ratsa ta ko'ina ba, kuma ya rasa inda zai ajiye ta. Haushi ya cika shi har wuya, na tsohon, na injiniyan Yamai, na Baffa, amma mafi yawa na kansa, don zauren nan kullum a buɗe yake, kuma maganar da ya faɗa jiya ita ce dai wadda yake da ita tun farkon damina.

Wayarsa ta yi ƙara. Falmata ce, ta yi masa ta'aziyya a gajarce, sannan ta ce mata sun cika mata baranda tun safe, likita yana ganin kowace tar, ko sau ɗaya bai daskare ba. Ta ce ta ga ya kamata ya sani.

"To," in ji Ƙasimu. Ya kashe wayar, ya tashi ya shiga wurin Rashida, don har yanzu ba wanda ya ba ta amsa a kan yaron.